Hannun da Ke Bayan Koren Littafi

Gaya, Talata da hantsi.

Zuwa ga Naja'atu 'yar Malam Tukur, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ya sauka a gonar zuciyata, wadda har zuwa wannan safiya na kasa cire wa ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye. Assalamu alaiki.

Jiya Litinin da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, motoci biyu suka tsaya a ƙofar gidanku a Ajingi. Dattawa huɗu suka fito da goro da alawa. Sun zo tambayar aurenki a madadin Datti, dillalin hatsin nan da ke zuwa kasuwarku daga Kano. Sun yi kusan minti arba'in a zaure. Ina tsaye a tashar Gaya wani direban bas ya ba ni labarin, yana dariya, don ya zaci manyana ne suka je.

Shekara tara ke nan ina aika wa gidan rediyo rahoto daga wannan yanki. Na karanta labarin ambaliya, na karanta na gobara, na jero sunayen mamata, muryata ba ta taɓa rawa ba. Jiya da la'asar rahoton farashin taki kawai aka ce in ɗauka, na minti ɗaya da rabi, sai da na maimaita shi sau biyar. Editana ya tambaye ni ko mura nake yi. Na ce e. Wannan ce ƙarya ta biyu da na yi saboda ke. Ta farko ita ce dalilin wannan wasiƙa, kuma zan zo kanta.

Kin tuna koren littafin nan mai falle tamanin? Na aikina ne, irin wanda nake ɗaukar bayanai a ciki. Bara waccan da bazara kika ce mini kin shiga ajin wata malama a waya, mai koyar da abin da take kira dokar janyowa. Wai duk abin da mutum ya rubuta da hannunsa, da shuɗin biro, ya kuma sakankance a ransa, to zai taho gare shi kamar yadda allura ke bin maganaɗisu. Sau uku bayan asuba, sau shida bayan azahar, sau tara bayan isha'i. Kuma ba a rubuta roƙo, sai godiya, kamar abin ya riga ya zo hannu. Na yi dariya. Kika juya mini ƙeya, kika ce ɗan jarida ba ya yarda an mutu sai ya taɓa gawa. Don in wanke laifina na zaro sabon littafi daga jakata na miƙa miki. Kika karɓa da hannu biyu, kika shinshina takardar kamar mai taya turare. Wallahi, Naja, da na san abin da nake miƙawa, da na bar shi a jaka ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar farashin gero.

Duk ranar Alhamis idan na zo zance, sai ki ajiye mini shi a kan tabarma ki ce in duba miki rubutu, tunda gyara sana'ata ce. Ta haka na san duk abin da zuciyarki ke nema, shafi bayan shafi. Wace mace ce ta taɓa buɗe wa masoyinta rumbun burinta haka? Wane namiji ne zai leƙa irin wannan rumbu ya koma gida ya yi barci?

Akwai ranar da ko a kan gadon mutuwa zan tuna. Ranar tsigar gyaɗa ce a gonar Baba, mahaifinki. Na zo da na'urata da sunan zan ji ta bakin manoma, alhali manomi ɗaya ne ya kawo ni. Muna ƙarƙashin tsamiya, Gwaggo Hussaina, ƙanwar Baba, tana zaune can gefe tana tsiga, ta mai da kanta kurma da gangan. Hannunki duk ƙasa, kika goge a gefen zane, kika buɗe shafi na arba'in da ɗaya, kika tura mini ba tare da kin ɗago ido ba. Ga abin da ke ciki, don na haddace shi: "Na gode wa Allah, ni matar Ya'u ce. Ina zaune a ɗakina a Gaya, tagarsa tana kallon gabas, rana tana tarar da ni ina dama masa kunun gyaɗa." Sau tara. Na ƙirga da yatsana. Ya ke kurciyar tsamiyata, ya ke raɓar asubar kaka, a ranar na ji kamar an sauke mini kayan da tun haihuwa nake ɗauke da su! A lokacin ginina ya kai linta, tagar ɗakin tana kallon kudu. Washegari na sa magini ya toshe ta ya fasa wata ta gabas. Ya ce zafin rana zan jawo wa amarya. Na ce masa ita ta rubuta.

Yanzu ga ƙaryar farko. Ki zauna kafin ki karanta.

Kin san sharaɗin da Baba ya gindaya ranar da Baffana ya je nema mini izinin zance: babu maganar aure sai kin gama karatu, kuma babu toshi. Ya ce 'yarsa ba za ta ci ko tsinken saurayi ba, kada gobe wani ya tsaya a ƙofarsa yana gori. Na ce na ji, na yarda. Koren littafin ma sai da ya juya shi ciki da bai kafin ya ce littafi ba toshi ba ne. To amma ga ni ina karanta abin da kike so duk mako, ga hannuna a ɗaure. Sai na nemi hanyar bayan gida, hanyar kuwa ita ce Gwaggo Hussaina.

Abu na farko da kika rubuta shi ne gurbi a makarantar koyon aikin lafiya, bayan shekara biyu kina zaune. Ban roƙi kowa ba, ban ba kowa komai ba, ƙoƙarinki ne ya sa sunanki ya fito. Sai dai ya fito ne a jeri na biyu, a takardar da aka liƙa a allon sanarwa a Kano, saura kwana huɗu a rufe, kuma babu wanda ya kira ki. Sau uku ina hawa mota ina zuwa duba allon nan kafin in gan shi. 'Yar maƙwabciyar da Gwaggo ta ce ta hango sunanki, ni ne.

Na biyu keken ɗinki. Kin rubuta shi kwana ashirin da ɗaya, har kika zana shi a gefen shafi, da ƙafafunsa karkatattu. Gwaggo ta ce miki wata ƙawarta ce ta rasu ta bar mata. Rabin maganar gaskiya ne. Mai keken ta rasu, amma Innata ce. Shekara shida yana lulluɓe a ɗakinta, ban yarda ko 'yan'uwana su taɓa shi ba. Na kai shi wajen mai gyara, aka sa masa mai da sabuwar igiya, na ɗora shi a saman bas ranar kasuwa. Ba na so ki yarda da maganata kawai. Ki ɗaga kan keken, ki leƙa ƙarƙashin katakon ta hannun hagu. Za ki ga an rubuta sunanta, Sadiyya, da bakin ƙusa. Ni na rubuta, ina aji uku a firamare, kuma na sha duka a kansa.

Sai muryarki a rediyo. Kika rubuta cewa duk jihar Kano ta ji ki, bayan mako biyu mai gabatar da shirin mata ta kira ki a waya kuka yi hira a kan 'yan mata da karatu. Kika bugo mini kina haki, kina cewa in zo in ga ikon littafi. Ina riƙe da wayar ina murmushi kamar wawa. Ni na ba ta lambarki.

Ba gori nake yi ba, Allah shaida. Gori abin ƙyama ne, kuma saboda gudun sa Baba ya hana abin da na yi a ɓoye. Keke naki ne, ko wa kika aura, a gidansa za ki taka shi. Ina faɗa ne don na gane ɓarnar da na yi. Na zaci fure nake yi wa ban-ruwa, ashe ƙaya nake raino a kan hanyata. Duk abin da na kawo ta bayan gida, littafi ne ya karɓi godiyarsa. Kika fara ganin babu abin da zai gagari bironki. Ni kuwa, mai kai da komowa, na zama mai shakka, mai dariya, wanda bai waye ba.

Kin tuna buhu arba'in? Da daminar da ta biyo baya kika rubuta cewa Baba ya sami gyaɗa buhu arba'in. Wannan kam ba ni da hanyar bayan gida zuwa ga gajimare. Ruwa ya ɗauke mako uku ana tsakiyar fure, aka sami ashirin da uku. Da mai hankali irinki ta tsaya ta yi tambaya, da tun ranar asiri ya tonu. Amma malamar wayarki ta riga ta tanadi amsa: idan abu ya zo, littafi ne, idan bai zo ba, akwai mai shakka a kusa da ya toshe ƙofa. Kika waiga kika nemi mai shakka, kika same ni da jan biro a hannu.

E, na yarda, ni na yi. A gefen shafin buhu arba'in na rubuta "in sha Allahu" da jan biro, kamar yadda nake cike gurbi a rahoton sabon ma'aikaci. Ban san cewa a ajinku an hana rubuta wannan kalma ba, wai alamar kokwanto ce. Naja'atu, ke da kika sauke Alƙur'ani kina 'yar shekara goma sha huɗu! Ke da ba kya cewa za ki ɗora tukunya sai kin haɗa da ita! Yaushe mai magana daga cikin waya ta fi Mai gajimare iko a zuciyarki? Kika fizge littafin, kika ce na ɓata miki shafi. Daga wannan Alhamis ɗin ba ki ƙara ajiye shi a kan tabarma ba. Amma kin ci gaba da fitowa. Kin ci gaba da kawo mini ruwa a kofin nan mai fure, kina tambayata ko magini ya gama shafe, kina raka ni har bakin zaure kina cewa Allah ya tsare hanya. Wannan shi ne abin da ya fi yanka ni.

Domin jiya da yamma, bayan labarin direba, matar wani abokin aikina ta turo mini saƙon murya. Naki ne, wanda kika saka a zauren matan da kike koyarwa yanzu a waya, mutum sittin da 'yan kai. Tsawonsa minti goma sha ɗaya da daƙiƙa ashirin. Na saurare shi sau huɗu, na rubuta shi kalma bayan kalma kamar jawabin shugaban ƙaramar hukuma. A minti na uku kika ce: "'Yan'uwa, wata uku cur na yi ina rubuta shi, ga shi yau manyansa suna zaure." A minti na bakwai kika ce: "Akwai wanda ke ja da ni baya, kullum gyara, kullum shakka. Na sa reza na yanke fallensa uku na ƙona, ƙofa ta buɗe." Sai aka ji guɗa a bayanki.

Wata uku. Na ɗauko kalanda, ranki ya daɗe. Wata uku Alhamis goma sha uku ne. Goma sha ɗaya daga ciki na zo, biyu aiki ya riƙe ni kuma na bugo na ba da haƙuri. Ke nan a duk ranakun da na zauna a kan tabarmar nan, kin riga kin rubuta wani sau uku da asuba, sau shida da azahar, kuma da zarar na ba da baya za ki shiga ki ƙarasa tara. Da wane hannu kike miƙo mini ruwan? Da wace fuska kike tambayar shafe? Da kin ce mini, Ya'u, zuciyata ta juya, da na ji ciwo irin na mai rai, na yi kuka irin na maza, na yi miki addu'a. Amma ki ƙona ni a bayan murhu, ki bar ni ina zuwa ina gaishe da Baba da toka a fuskata ban sani ba? Sunana ko ba ki ambata ba. Mutum sittin sun san ni da "wanda ke ja da ni baya". Kaico, zumata! Ashe kudan zuma ma yana harbin mai kai masa ruwa.

Zan ajiye zuciya gefe in gaya miki abu ɗaya da na bincika, don ko ba ki sake kallona ba, haƙƙinki ne ki sani. A cikin saƙon kin tuna wa matan cewa tun farko kin karanta musu siffar mijin da kika rubuta, don su koyi yadda ake tsara buri: mai farar mota, mai gida a Kano, wanda zai fara ganinki a kasuwa, wanda tsarabarsa ta farko ba alawa ba ce, dabino ne. Kika ce ga shi ko ɗaya bai kuskure ba, har dabinon. To a cikin matan nan sittin akwai Muhsina, mai lambar wayar da ta ƙare da sifili uku. Muhsina ƙanwar Datti ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta shiga zauren kafin ki karanta siffar, shi kuma ya tare ki a kasuwa bayan kwana tara.

Ban ce Datti mugu ba ne. Ban san shi da wani aibu ba, kuma ba zan ƙirƙira masa ba. Wataƙila yana son ki da gaske, wa zai gan ki bai so ba? Abin da nake cewa kawai shi ne, an karanta masa littafinki kamar yadda kika karanta mini, ya je ya sayo dabino. Ni na san wannan hanya, don ni na fara binta. Bambancinmu ɗaya: ni na ɓoye hannuna don ki yi murna, ba don ki aure ni ba, tunda a lokacin kin riga kin rubuta sunana da kanki. Ki kira Muhsina ki yi mata tambaya ɗaya: wa ya gaya wa yayanta maganar dabino? Ki kalli idonta yayin da take amsawa.

Na san abin da wannan takarda za ta iya jawo mini. Na karya sharaɗin Baba, na sa ƙanwarsa ta yi masa ɓoyo, kuma ga shaida da hannuna. Idan kika miƙa masa ita, yana da iko ya ce kada in ƙara taka ƙofarsa, kuma ba zan ce ya zalunce ni ba. In yi shiru in tsira da mutuncina in bar ki ki shiga gidan wani kina zaton ƙaddara ce ta rubuto shi, ko in yi magana in rasa komai? Na kwana ina auna su, na zaɓi magana. Da safen nan na je na gaya wa Baffa komai. Ya yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina yaro, sannan ya ce jibi zai je Ajingi da kansa ya ba Baba haƙuri.

Roƙona ba mai yawa ba ne, ya ke tauraruwar gabas. Ba na cewa ki zaɓe ni saboda keke ko allon sanarwa. Idan don su ne, na yafe. Ina roƙon ki rufe littafin nan na kwana uku kacal. Ki ajiye biro. Ki yi istihara kamar yadda aka koya miki tun kina ƙarama, ki nemi zaɓi daga Wanda ba ya buƙatar a maimaita masa sau tara. Sannan idan aka tambaye ki, ki amsa da bakinki, da idonki a buɗe. In zuciyarki ce ta ce Datti, to Allah ya ba ku zaman lafiya, ni da kaina zan sa a yi sanarwar ɗaurin auren kuma ba zan kuskure ko harafi a sunanki ba. Amma in takarda ce ta ce, Naja, ki tuna takarda ba ta taɓa hawa mota ta je Kano saboda ke ba.

Ni kuwa ina nan inda kika bar ni. Ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Amma na duba ko'ina a ƙirjina ban ga inda son ya ragu ba, kamar rijiyar da aka jefa wa dutse, ta gurɓace, amma ba ta ƙafe ba. Ba ni da littafin da zan rubuta ki a ciki, kuma ko da ina da shi ba zan yi ba, don ke ba kaya ba ce da za a janyo. Alkawari kawai gare ni: muddin ba a shafa fatiha da sunan wani ba, ba zan kalli wata ba, ba zan saurari tayin kowa ba. Idan kuma aka shafa, zan riƙe amanar duk abin da na karanta a shafukanki har ƙasa ta rufe idona, in sha Allahu. Wannan karon da baƙin biro na rubuta, kuma a shafina.

Naki jiya, naki yau, naki duk da abin da kika yi,
Ya'u Gaji Kademi.

Ƙari: Ina naɗe takardar nan Gwaggo Hussaina ta bugo. Ta ce Baba bai raba goron ba, yana nan a ɗaure a ɗakinsa. Ta ce ya gaya wa baƙin cewa akwai maganar wani a gaban tasu, sai ya ji daga bakinki ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Daga wajenta kaɗai na ji, ita ma ta bayan labule ta jiyo. Na kira wayar Baba sau biyu, bai ɗauka ba.